Yadda ake ɗaukar jini da madarar dabba don binciken furotiyomik, kada zahin Tawa shi ɓata aikin

Wani ƙanena da ke yin mastar a jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai ya kira ni da dare, wai malaminshi ya samo mishi haɗin gwiwa da wani labo can Turai a kan ciwon hantsa na shanun Azawak, an ce shi taho nan Tawa shi tara samfur, shi kuma ko mi ake nufi da furotiyomik bai gama ganewa ba. Mun kusa awa guda a waya har kiredi ya ƙare mishi. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin gaba ɗaya, wanda ya samu irin wagga dama sai shi karanta.

Furotiyomik dai shi ne a duba dukan furotin da ke cikin jini ko madara ko nama a lokaci guda, ba wai a ɗauki guda ɗaya a auna ba kamar yadda anka saba. Kalmar ma ba ta tsuhwa ba, wani ɗalibi ɗan Ostareliya, Marc Wilkins, shi ya ƙirƙiro tushenta, kalmar "proteome", a 1994. In kana so ka gane bambancinshi da binciken ƙwayoyin gado, ɗauki kasuwa: ƙwayoyin gado kamar rajistar masu rumfa ne, sunan kowa na ciki ko ya fito ko bai fito ba, furotin kuwa su ne waɗanda sunka baza kaya yau ɗin nan. Saniya ɗaya ce, gadonta bai canjawa, amma furotin na jininta da rani daban, da damina daban, ranar da cuta ta kama ta kuma daban. To wanga canjin shi ake farauta.

Abin farko, kahin ka sayi ko tib guda, ka zauna ka rubuta tambayarka cikin layi ɗaya. "Ina son in ga furotin na madarar Azawak" ba tambaya ba ce, yawon buɗe ido ne. Tambaya ita ce misali mi ya bambanta madarar saniyar da ciwon hantsa ya fara kamawa a ɓoye da ta mai lahiya. Kuma ka san abin da duniya ta riga ta gano don kada ka sake gano shi da kuɗin mutane. An daɗe da sanin in kumburi ya kama saniya hantarta na zuba wasu furotin cikin jini da yawa, manyansu haftogulobin da amiloyid A, kuma ana samun su cikin madarar hantsa mai ciwo tare da wani da ake kira katelisidin, masu bincike na jami'ar Gilasgo a Sikotilan sun yi aiki sosai a kan wanga. Ga kare kuwa wani furotin ɗin kumburi mai suna CRP ake dubawa, wanda likitocin mutane ma ke rubutawa a yi. Kowace dabba da nata, kada ka ɗauko na kare ka ɗora ma raƙumi.

Sannan zaɓen dabbobi, nan ne mutane ke faɗuwa tun ba a je ko'ina ba. In marasa lahiyarka duka tsohin shanu ne na ruga guda wajen Abalak, masu lahiyar kuma ƴan haihuwar fari ne da ake ba dusa da harawa cikin gari, na'ura za ta nuna maka bambanci kam, mai yawa ma, amma bambancin abinci da shekaru ne ba na cuta ba. Ka daidaita su iya ƙoƙarinka, irin shanu guda, shekaru kusa da juna, watannin da sunka yi da haihuwa kusa da juna, kuma ka bar mai dakashi don dakashi cike yake da furotin na kariya, zai rikita maka komi. Don ware mai ciwo da mai lahiya akwai gwajin CMT ɗin nan da ake yi nan take da ɗan faranti mai gurbi huɗu, madara ta yi yauƙi ka san akwai matsala, in kuma ana iya ƙirga ƙwayoyin jiki cikin madarar, iyakar da aka fi amfani da ita 200,000 ce cikin mililita guda. Ka tambayi labon da za su yi aikin dabba nawa suke so kowane ɓangare tun da wuri, uku da uku ba ta kai ka ko'ina.

Kuma don Allah ka je ma mai garke da mutunci, ka gaida shi, ka sha shayi, ka bayyana mishi jinin da za ka ɗiba bai kai cikin ƙaramin kofin shayin ba. Makiyayi bai son a taɓa mishi dabba haka kawai, kuma yana da gaskiya. Shi ne ma zai gaya maka wadda anka yi ma allura makon jiya, abin da babu shi cikin kowace takarda.

Ranar ɗiba ka fita da asuba. Madara: a wanke hantsa a tsane ta, ka goge kan nono da auduga da alkol mai kashi 70, a zubar da tsartuwar farko biyu uku, sannan a tatsa cikin tib mai tsabta, kowane nono da tib nashi tun da sau da yawa ciwon nono guda yake kamawa cikin huɗun. Jini daga jijiyar wuya, kuma ka yanke shawara tun farko, in seram kake so (ruwan jini bayan ya daskare) tib mai jan marhi, in fulasma (ruwan jinin da ba a bari ya daskare ba) mai marhi shuni wanda ke da EDTA ciki, maganin hana jini daskarewa. Duk wanda ka zaɓa shi za ka bi har ƙarshen aikin, ba a haɗa su. Mai jan marhi ka aje shi tsaye cikin inuwa minti 30 zuwa awa guda shi daskare, sannan a juya shi cikin santirifij, na'urar da ke juya tib da gudu, kamar minti 10 da ƙarhin juyi wajen 1500 zuwa 2000 g, ka tsotse ruwan sama mai ɗorawa-ɗorawa. In ka ga ruwan ya yi ja to jajayen ƙwayoyin jini sun fashe, ko an ja da ƙarhi da sirinji ko an jijjiga ko rana ta buge shi, ka rubuta hakan ko ma ka sake ɗiba, don hemogulobin zai cika wurin shi rufe ƙananan furotin da kake nema.

Safar hannu dole ce, don dalili biyu. Na farko kai kanka. Mu nan ba mu manta 2016 ba, lokacin da zazzaɓin Rift ya ɓulla wajen Cintabaradan da Tasara ya kashe mutane da dabbobi, kuma ta jini da ruwan haihuwar dabba ake ɗaukar shi, ga kuma bakkale da ake samu ta ɗanyar madara da mahaifa. Na biyu samfur ɗin, fatarka da gashinka furotin ne da ake kira keratin, na'urar kuwa ba ta san na saniya da na ɗan Adam ba sai an zo tantancewa, duk abin da ya faɗa ciki za ta karanta.

To yanzu ga inda aikin yake gaske, sanyi. Cikin jini da madara akwai wasu furotin da aikinsu yanka ƴan uwansu ne, ana fidda samfur daga jikin dabba suna ci gaba da yanka, zahi kuma ƙara musu kuzari yake, ga ƙwayoyin cuta na ninkuwa cikin madara. A Faransa mutum na iya ɗan sakaci, mu da ke ganin digiri 44 ko 45 a watan Afrilu da Mayu ba mu da wagga dama. Gilasiya cike da ƙanƙara tun daga ruga, tib na shiga ciki nan take (ban da mai jan marhi da ke jiran daskarewa), ka rubuta ƙarhe nawa anka ɗiba ƙarhe nawa ya shiga firiza. Wanda ya yi awa biyu a hanya da wanda ya yi awa takwas ba ɗaya suke ba ko da saniya guda ce. Kahin ka daskarar ka raba kowane samfur cikin ƙananan tib uku ko huɗu, don duk narkewa da sake daskarewa ɓarna ce, in ana buƙata a ɗauko guda a bar sauran. Abin da aka fi so firiza mai digiri 80 ƙasa da sifili, ko ruwan azot mai 196 ƙasa da sifili irin wanda masu ba shanu ciki da allura ke aje maniyyi ciki, mai 20 ƙasa da sifili na ɗan lokaci ne kawai.

Ni kaina na sha wanga ɗacin. Wata shekara mun tara seram na awaki wata biyu cur, anka ɗauke kuran ƙarshen mako, gurup ɗin wurin babu mai, ranar Litinin na buɗe firiza ruwa na ɗiga, kuma abin haushin wani ya zo ya ce ai ba komi a mayar su daskare. Sun daskare kam, amma da munka zuba su kan jel ɗin da ke rarraba furotin layi-layi, layukan sun zama kamar kunu. Tun daga ranar ba ni aje duka wuri guda, kuma ina sa ƙaramin kofi da ruwan da ya daskare da dala guda bisa kanshi cikin firizar, in na tarar da dalar ta nutse ƙasa na san an narke bayan idona ko da kowa ya rantse.

Lakabi kuma da maka wadda ba ta gogewa, lamba kan tib, bayani cikin kaye da kwamfuta duka biyu, kada ka manna takarda da sikoci don sanyi na ɓalle ta.

Kahin ka kashe kuɗin aikawa ka yi ɗan gwaji nan gida in labon na da kayan: a auna yawan furotin da hanyar Bradford, a zuba kan jel na SDS a ga layuka sun fito tsaf. Za ka ga wani ƙaton layi ya mamaye, cikin seram albumin ne wanda shi kaɗai ya kai wajen rabin furotin na jini, cikin madarar saniya kuwa kasin ne, kusan kashi 80. Su ne masu surutu cikin taro, abin da kake nema shi ne mai magana ƙasa-ƙasa, shi ya sa ake cire maiƙon madara da kasin a yi aiki da ruwan da ya rage, irin wanda ke tsiyaya in ana yin cuku. Amma ka tambayi labon ko su za su yi wanga da kansu, da yawa sun fi son a aiko musu abin ɗanye.

Aikawa ba a yi ta cikin jakar wani mai tahiya, a'a. Ana sa wa cikin busasshiyar ƙanƙara mai 78 ƙasa da sifili, kwali hawa uku, da lambobin jirgi UN3373 na samfur da UN1845 na ƙanƙarar. Kana buƙatar takardar hukumar kiwo ta nan da izinin shiga na can, kuma ƙasashen da ba su da ciwon baki da kofato suna da tsauri ƙwarai kan jini da madarar shanu daga wajenmu, wani lokaci sai an kashe ƙwayar cuta cikin samfur ɗin tukuna ta hanyar da su za su faɗa. Ka fara neman takardun nan kahin ɗiba ba bayanta ba. A sa hannu kuma kan yarjejeniya, samfur na wane ne, sunan wa zai fito kan aikin, yarjejeniyar Nagoya ta 2010 don irin wanga anka yi ta, Azawak da jar akuyar Maraɗi da shanun Kuri na tabkin Cadi dukiyar ƙasa ce.

Can kuma abin da za su yi, a taƙaice, su warware furotin, su yanka su gutsi-gutsi da tirifsin, wani furotin mai yanka furotin, dare guda a digiri 37, su tura gutsattsarin cikin na'urar awon nauyin ƙwayoyi, wadda hanyoyinta sunka jawo ma John Fenn da Koichi Tanaka kyautar Nobel a 2002, sannan kwamfuta ta gwada nauyin da ta samu da UniProt, rumbun bayanan furotin na intanet, ta fiddo sunaye. Nan akwai wani abu da ya shafe mu. Taswirar gadon saniya da anka buga a 2009 ta wata saniyar Hereford ce, marar tozo, namu kuwa masu tozo ne, raƙumi kuma bayanan da anka tantance a kanshi ba su kai na saniya ba ko kusa, don haka ka tambaya wane rumbu anka yi amfani da shi. Ka roƙi ɗanyun fayilolin ma ba tebur kawai ba, akwai manhajar MaxQuant kyauta da za ka iya koyo da ita, akwai kuma rumbun PRIDE a Ingila inda masu bincike ke zuba nasu, kana iya saukewa ka yi atisaye tun samfur naka bai tashi ba, in intanet ta yarda.

In teburin ya zo da furotin ɗari bakwai kada kanka shi kumbura. Ka tsamo biyu ko uku da bambancinsu ya fito sosai kuma yake da ma'ana, ka sake auna su da ELISA, gwajin da ke auna furotin guda ɗaya, kan wasu dabbobi daban waɗanda ba su cikin rukunin farko, da yawa nan suke zubewa. Wanda ya tsaya shi ne wata rana zai iya zama ɗan gwaji mai arha da likitan dabbobi zai sa cikin jaka.

In kuma kana neman batu mai sauƙi da za ka fara da shi, ga guda: madarar taguwa ba ta da furotin ɗin da ake kira beta-laktogulobulin, ta saniya da ta akuya kuwa suna da shi da yawa. Ke nan duk madarar raƙumin da anka samu shi ciki an yi mata haɗi, kuma wanga ko kan jel ana iya hango shi, layinshi na fitowa wajen kilodalton 18, a ma'aunin nauyin furotin. Ka samo madarar da anka tatsa gaban idonka ta zama ma'auni, ka haɗa wata da kanka da ta saniya kashi 5, kashi 10, kashi 20 ka ga daga ina layin ke fara bayyana, sannan ka shiga sayen ta kasuwa kana gwadawa, kowace kwalba da lambarta da ranar da anka saye ta.