Kurakuran da ke sa mota zuƙar mai daga hunturu zuwa damina

Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, da wuya a yi minti goma a majalisarmu ba a gangaro kan shan man mota ba. Kukan sababbin masu mota iri ɗaya ne: "Wallahi da ba haka take ba." Daga nan sai a ɗora wa gidan mai. Na yi shekaru ina jigila tsakanin Gombe da Bauchi, kuma na gaji da nanata wa ƙannena magana ɗaya.

Na farko, yawancinku da allurar tanki da ke gaban direba kuke auna mai, ita kuwa allura ba mudu ba ce. Ka cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, ka mayar da ma'aunin tafiya sifiri, in za ka sake sha ka sake cikawa, ka raba kilomita da lita. Ni ɗan littafi nake ajiyewa a mota, kowane lokaci na shekara da shafinsa.

Wanda ya fi ci mini kuɗi shi ne cire tamostat, ɗan abin nan da ke daidaita zafin injin. Wata bazara, cikin Afrilu, na ɗauko fasinja daga Bauchi, muna dab da Alƙaleri allurar zafi ta haye. Wani bakanike a bakin titi ya leƙa, ya ce: "Maigida, wannan abin don ƙasar Turawa aka yi shi, inda ake ƙanƙara. Mu nan me za mu yi da shi?" Ya zare shi ya miƙo mini, ya haɗa fanka kai tsaye, da an tada mota tana juyawa. Na biya har da godiya. Zafi ya sauka, na ce na samu gwani.

Sai da hunturu ya shigo na ga ta kaina. In bar Gombe bayan asuba, in wuce gadar Dindima, allurar zafi tana kwance a ƙasa kamar ban tada injin ba. Kuɗin man da ke kai ni ya dawo da ni ya daina isa. Na canza gidan mai sau uku, na yi wa wani yaron famfo faɗan da har yau nake jin kunyarsa. Da aka kwance filogi, baƙi ƙirin da toka, baƙin mai kuma yana warin fetur.

Injin yana da zafin da yake so, wajen digiri 90. Aikin tamostat shi ne ya tare ruwa, kada ya zagaya lagireto sai injin ya kai wannan zafin. Matuƙar injin na sanyi, ƙwaƙwalwar mota ƙara masa fetur take yi, kamar yadda ake jan cok a tsohuwar mota. Ka cire tamostat, ka bar fanka tana hurawa cikin sanyin Disamba, ka ga ke nan motar ta wuni da cok a jaye. Asalin ciwon tawa kuwa lagireto ne ya toshe da tsatsa, saboda ruwan rijiya da nake ɗura mata. Shi ya kamata a wanke tun ranar. Duk wanda ya sayi mota ta hannu a ƙasar nan, ya fara tambaya ko tamostat na ciki. Sau da yawa babu.

Sai masu ɗumama mota. Kai ƙanena, me ya sa za ka tada mota ka bar ta a silo, ka koma ciki ka sha kunu, ka fito kana taka totur unguwa na amsawa? Man da ta sha a tsaye bai kai ka ko bakin layi ba. Minti ɗaya ya ishe ni, sai in ja a hankali, don a tafiya injin ya fi saurin ɗaukar zafi. Ka kuma haɗa aikenka wuri guda: kai yara makaranta, a kashe, a sake tadawa zuwa kasuwa bayan ta huce, wannan ne ke cinye mai a hunturu.

Taya ma tana bin yanayi. Sanyi na rage mata iska, kusan psi ɗaya (ma'aunin iskar taya ke nan) duk saukar digiri biyar zuwa shida, taya mai laushi kuwa jan mota take yi. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu sace iska da bazara wai kada taya ta fashe. Ai mai ƙarancin iska ce ke lanƙwashewa ta yi zafi ta tarwatse. Adadin da ya dace yana jikin takarda a bakin ƙofar direba. Ka auna da safe kafin tafiya, kada ka yarda mai faci ya buga mata ƙarfe ya ce ta yi.

Ƙurar hunturu na toshe matatar iska. Mota mai kafireto za ta ƙara shan mai, ta zamani kuwa nauyi za ka fara ji. Ka kakkaɓe ko ka canza, amma kada ka cire ta. Baƙin mai kuma, wanda littafin motar ya ce, ba mai kaurin da aka ce "shi ne na ƙasar zafi" ba.

Esi yana shan mai, babu musu, balle a Maris da Afrilu da zafi kan wuce digiri 40. Ni nakan sauke gilasai in tafi kaɗan turirin ya fita kafin in kunna. A cikin gari ina haƙuri da iskar Allah, a babban titi kuma in rufe, don gilashi a buɗe cikin gudu shi ma riƙe mota yake yi.

Da damina, ruwa a kwalta da taɓo da kauce wa ramuka duk ƙarin mai ne, wannan sai haƙuri. Shi man kansa kuwa yakan bambanta. Ba mu manta Fabrairun 2022 ba, da aka shigo da fetur mai yawan methanol, sinadarin da ƙarfinsa bai wuce rabin na fetur ba, motoci suka yi ta tsayawa. Amma kada ka yanke wa gidan mai hukunci da tanki ɗaya, ka gwada biyu ka duba littafi. Sammakon shan mai wai ya fi auki da sanyin safiya kuwa wahalar banza ce, tankin yana binne a ƙasa, zafinsa ba ya wani canzawa.

In dole ta sa ni sayen na 'yan bumburutu da damina, sai an zuba mini kaɗan a farar gora na ajiye ta minti biyu. Ruwa ya fi fetur nauyi, in akwai shi za ka gan shi kwance a gindin gorar.