Yaron da jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ko riɗi: kafin ku sa shi makaranta a Saudiyya

A gida, idan yaro ya ci wani abu jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu, sai mu ce borin jini ne, a shafa masa man ja a jira ya kwanta. Kaka ta sani, maƙwabta sun sani, mai ƙuli-ƙulin bakin makaranta ma ta san wanda ba a sayar wa. A Jidda ko Makka ko Riyad babu wanda ya san ɗanku, kuma malamar da ke da aji cike da yara ba za ta gane komai daga kallon fuska ba. Sai an faɗa mata, a rubuce, da Larabci. Sunan abin a nan hasasiyya.

Ku fara da likita, ya ba ku takardar da ta ambaci abin da yaron ba ya ci, da maganin da za a ba shi, da adadinsa. Rajista a tsarin Noor, wato shafin intanet da ake yi wa ɗalibai rajistar makaranta, ba ta wadatar ba. Ku ɗauki kwafi ku je da ƙafarku wajen shugaban makaranta da malamin aji da mai kula da lafiyar ɗalibai, sannan ku tsaya wajen mai maƙsaf, wato shagon abincin makaranta, don shi ne mai miƙa wa yaro abu a hannu lokacin fus-ha, wato hutun cin abinci. Idan makarantar 'yan mata ce, maigida iyakarsa bakin ƙofa, aikin na uwa ne. Wadda Larabcinta bai nuna ba ta nemi rakiyar wata cikin 'yan uwanmu da aka haifa a nan. Kara ba ta da wuri a wannan magana.

Mu gyaɗa muka saba tsoro, ful sudani a bakinsu. To a nan riɗi ya fi ta yawo. Yana cikin ɗahina, wato niƙaƙƙen riɗi, ɗahina kuwa tana cikin hummus da halawa da miyar da ake zuba wa sanwicin falafil. Yana cikin za'atar da ake barbaɗa wa burodin safe, yana manne a bayan burodin kansa. Dabinon da aka cusa wa lauz, da ma'amul, da kunafa mai fustuƙ (lauz da fustuƙ 'ya'yan itace ne masu ɓawo da su ma ke iya tayar da hasasiyya), duk suna shigowa aji a leda mai kyalli a kwanakin da ke kusa da 23 ga Satumba da 22 ga Fabrairu, ranakun bikin ƙasa, ko kuma duk ranar da wata uwa ta ga dama ta yi wa ajin alheri. Yaro ɗan shekara shida ba zai iya kallon abokansa suna tsotsar cakulan shi yana haɗiyar yawu ba, don haka ku ajiye wa malama 'yar jakar alewar da kuka tabbatar da ita, ta riƙa ba shi a madadi. Hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta wajabta bayyana irin waɗannan abubuwa a jikin kwali, amma abin da aka soya a gida ba shi da kwali. Hatta tsiren mutanenmu da Makkawa ke kira siriya, yajinsa da ƙuli ne.

Wanda aka taɓa ce masa ɗansa na da ƙarancin G6PD, wani sinadari da ke kare ƙwayoyin jini, ya faɗa shi ma. Ba hasasiyya ba ce, amma waken ful da ake karyawa da shi da burodin tamis yana iya farfasa wa irin wannan yaro jini.

Dabba ma tana tayar da hasasiyya, amma maganarta gajeriya ce. Kyanwa ta cika lungu, gidaje da yawa kuma suna kiwonta, gashinta da yawunta na biyo rigunan yara har aji. Yaro mai asma a nema masa kujera nesa da labule da darduma, abin shaƙarsa kuma ya kasance kusa, musamman ranar da ƙura ta taso.

Idan likita ya rubuta allurar adiranalin, irin su EpiPen, kada a bar ta a mota ko motar makaranta, zafin nan yana lalata ta, kuma ba a sa ta a firji. Kada ta zauna a durowar da aka kulle, mai mabuɗi ya tafi salla. Ku nuna wa malama da hannunku: a gefen cinya ta waje, ko ta saman wando ne. Da zarar leɓe ko harshe ya kumbura, murya ta shaƙe, numfashi na ƙugi, ko yaro ya yi laƙwas bayan cin abu, allura ce farko, sannan a kira lambar agajin gaggawa, 997 ko 911, sannan a kira ku. Maganin ƙaiƙayi na ruwa ba ya buɗe maƙogwaro. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, idan numfashi ya yi wuya a zaunar da shi, kada a ce ya tashi ya taka zuwa ofis. In minti biyar ta wuce babu sauƙi, a yi ta biyu, shi ya sa ake son guda biyu. Ko ya warware, asibiti dole.

Sai wankin hannu bayan fus-ha: ruwa da sabulu. Man nan na goge hannu da ke rataye a kowace ƙofa ƙwayoyin cuta yake kashewa, ba ya cire maiƙon gyaɗa.