Yadda ake zaɓen ƙaramin murjani mai kala don tankin ruwan gishiri

Ba murjanin wuyan amarya nake nufi ba, mai rai nake nufi, wanda ake sakawa a tankin gilashi na ruwan teku tare da kifaye. Dabba ce fa ba tsiro ba, duk da in ka gan shi sai ka rantse fure ne. In tankinka ƙarami ne, irin lita 40 zuwa 80 ɗinnan, toh ba kowanne za ka kwaso ba don kawai ya ɗauki idonka.

Kafin ka nufi shago, fara auna ruwanka. Gishiri ya tsaya 1.025 ko 1.026 a na'urar auna gishirin ruwa, zafi digiri 24 zuwa 26, alkaliniti (wato ƙarfin ruwa na hana kansa yin tsami) 8 zuwa 9 a ma'aunin dKH, kalsiyam 400 zuwa 450 miligiram a kowace lita. Zafin nan shi ne babbar rigimar, in kana Kano ko Sakkwato ka san yadda Afrilu take, a haura 40 ga wuta ta ɗauke, kuma murjani in ruwa ya yi ɗumi sai ya amayar da 'yan ƙananan gansakukan da ke cikin namansa masu ba shi abinci, ya koma fari fat. In ba ka da na'urar sanyaya ruwa da inbata ko sola, ka riƙe kuɗinka tukuna.

Sai ka soke wasu daga lissafi. Xenia da koren nan Briareum suna da araha kuma suna burge sabon shiga, amma kiri-kiri ne, in suka kama dutse sai dai ka fitar da dutsen gaba ɗaya. Euphyllia kuma da dare yake miƙo dogayen hannuwa yana harbin maƙwabta. Acropora a bar wa gwanaye.

Abin da ya rage guda uku ne. Zoanthus kamar tarin maɓallan riga suke, kala babu wacce babu, sai dai su da danginsu Palythoa wasu na ɗauke da dafin palytoxin mai haɗari sosai, ba a taɓa su sai da safar hannu da tabarau, kuma kar ka kuskura ka tafasa dutsen da suke kai, tururin ma dafi ne. Ricordea florida daga tekun Karibiyan yake, lemo ko kore, ba ya saurin yaɗuwa. Ni dai in ka tambaye ni Micromussa lordhowensis zan ce maka, wanda 'yan kasuwa har yanzu ke kira "acan lord" da tsohon sunansa, akasari daga Ostireliya ake kawo shi. Inda ka ajiye shi nan za ka same shi, kai ɗaya bayan ɗaya yake ƙarawa a gefe, ja da zoben toka ko lemo da kore, ba ya son haske mai ƙarfi. Da dare in ka ɗiga masa ƙananan jatan lande sai ka ga ya fito da 'yan yatsunsa ya naɗe abincin ya rufe baki a hankali, wlh ba na gajiya da kallon wannan.

A shagon kuma, kar ka yarda da kalar da ka gani. Shuɗin fitila ake kunna musu, a ƙarƙashinsa ko murjani mai kalar ƙasa sai ya riƙa ƙyalli. Ka ce a kunna maka farar fitila, in hoto aka turo maka a WhatsApp ka nemi bidiyo da farin haske. Duba gefen murjanin, in nama ya janye ana hango farin ƙashi ko akwai wata yauƙi ruwan ƙasa, wuce. Tambayi sati nawa ya yi a wajensu, kuma ɗan ɓantaren da aka raina a tanki ya fi wanda aka ɓallo daga teku juriya. Masu ƙashi irin Micromussa suna cikin jeri na 2 na CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin halittun da ke cikin haɗari, ba a tsallaka iyaka da su sai da takarda.

Da ka iso gida ka bar ledar da murjanin ke ciki tana yawo a saman tankin minti 15 zuwa 20 zafin ya daidaita, sannan ka tsoma shi a maganin wankin murjani, Coral Rx ko Revive, yadda aka rubuta a kwalbar, ka ɗauraye da ruwan tanki a wani kwano daban. Maganin na kakkaɓe tsutsotsi amma ba ya kashe ƙwai, don haka juya gindin ka kankare duk abin da ba ka gane ba. Ajiye shi a ƙasa kan yashi inda ruwa ba ya bugu da ƙarfi, sati biyu, in ya kumbura ya buɗe sai ka manna shi a dutse da sufa gulu mai kauri, ka bar faɗin yatsu huɗu tsakaninsa da na kusa.