Lissafin lokacin tafiya daga Maraɗi zuwa Yamai a jirgin sama

Tsakanin Maraɗi da Yamai, miƙe ta sama, kusan kilomita 540 ne. Ta hanyar mota kuwa, da ake bi ta Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso, ya kai 660.

Raba 540 da gudun jirgin. Mai farfela yakan yi kamar kilomita 450 a awa, ka ga awa ɗaya da minti 12 ke nan. Ƙara minti 20 na tashi da sauka, domin jirgi ba ya cikakken gudu a lokacin. Nan ne mutane ke yawan kuskure.

Ka isa fili da wuri, da katin shaidarka a hannu. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo kan hana matuƙi ganin titin sauka, a ɗage tafiya. In kana da wani jirgin da za ka hau a filin Diori Hamani na Yamai, bar tazarar kwana guda.