Yadda za ka tsare dirama mai waƙa daga mutuwar wuri

A 2007 tashar CBS ta Amurka ta fara nuna Viva Laughlin, dirama ce da 'yan wasa ke ɓarkewa da waƙa ana tsakar magana. Kashi biyu kacal aka nuna, aka soke ta, duk da akwai fitaccen jarumin fim Hugh Jackman a ciki. Mu ma a ƙauyenmu na gefen Ringim mun yi tamu da waya, ta mutu a kashi na uku.

Kada ka saki kashin farko sai kana da shida a ajiye. Mu damina ce ta riske mu, jarumin ya koma gonar gero, shi ke nan.

Waƙa kuwa, ka ba ta dalili. Biki ake, ko 'yan mata na daka, ko mai kalangu ya zo, nan mai kallo zai karɓa. Amma ana rigimar gado mutum ya kama rera waƙa? Dariya za a yi masa. Waƙa ɗaya ta isa a kashi guda. Ka naɗi muryar da sassafe, kafin injin niƙa ya tashi.

Ka nemi izinin mai gari kafin ka kafa kyamara.