Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Rubuta Labarin Mace Injiniya a Masana'anta

Marubucin da ya ɗora ƙagaggen labari mai sa faɗuwar gaba a kan mace injiniya, a matatar mai ko tashar lantarki ko masana'antar sinadarai, ya samu fili mai yalwa, sai dai kuskure guda yakan ɓata masa aikin tun daga tushe. Za a kira tauraruwar injiniya a shafin farko, amma har littafin ya ƙare ba za a ga ta yi aikin injiniya ba. Tana gudu, tana ɓuya, tana bin sawun mugu, ta yadda da za a mayar da ita lauya ko 'yar jarida babu abin da zai sauya. Gyaran shi ne a gina matsalar yadda iliminta ne kaɗai zai iya gano ta. A nuna ta tsaye a ɗakin kula da injina, ma'auni yana cewa hasumiyar tace mai ba ta cika ba, ita kuwa lissafinta yana gaya mata cewa an daɗe ana ɗura mai ba tare da an fitar da ko ɗigo ba. Irin wannan saɓani ne ya faru a matatar BP ta Texas City a Amurka a 2005, inda hasumiya ta cika ta tumbatsa alhali ma'auninta yana nuna akasin haka, mutum 15 suka mutu.

Kuskuren da ya fi wannan yawa shi ne neman tashin hankali daga waje, wato a kawo ɗan ta'adda da bam, ko wani jan maɓalli guda wanda idan aka danna komai zai tarwatse. Masana'anta ba ta aiki haka, kuma wanda ya taɓa aiki a cikinta zai ajiye littafin. Manyan haɗura sukan fito ne daga ƙananan sakaci da suka haɗu a rana ɗaya. A dandalin haƙar mai na Piper Alpha da ke Tekun Arewa, a watan Yulin 1988, masu aikin rana sun cire bawul ɗin kariya na wani famfo domin gyara, suka toshe bakin bututun na wucin gadi. Bayanin, wanda ke rubuce a takardar izinin aikin gyaran, bai isa ga masu aikin dare ba, saboda haka da ɗaya famfon ya tsaya sai suka kunna wanda aka cire wa bawul. Iskar gas ta tsiyaya, wuta ta tashi, mutum 167 suka halaka. A ganina, babu mugun da marubuci zai ƙirƙira wanda ya kai takardar izinin aiki da ba ta kai hannun mai ita ba ban tsoro, musamman idan mai karatu ya san inda take, masu aikin dare kuma ba su sani ba. Idan ana son mugu, yana nan a cikin kamfanin: manajan da ke ɗage gyara saboda tsayar da inji asara ce, kuma yake matsa wa tauraruwar ta sa hannu a kan rahoton da ta san ba gaskiya ba ne.

Batun kasancewarta mace kuwa, marubuta sukan faɗa ɗaya daga ramuka biyu. Wasu su cika babi-babi da jawabai kan raina mata, wasu su yi kamar babu wannan matsala sam. Abin da ya fi tasiri shi ne a nuna shi a aikace: safar hannun da aka ba ta ta yi mata girma domin da hannun namiji aka auna, ko a wajen taro ta gama bayani sai shugaba ya juya ya tambayi wani na ƙasa da ita ko lissafin daidai ne. Kada kuma a kai ta bakin nasara sannan a kawo namiji ya ceto ta, ko a bar soyayya ta cinye rabin littafin. Haka nan kada a sa ta san komai ita kaɗai, domin injiniyar kirki tana sauraron tsohon makanikin da ke gane lalurar famfo daga ƙararsa.

Tulin sunayen na'urori ba ya tabbatar da cewa marubuci ya yi bincike. Na'ura ɗaya ko biyu da mai karatu ya fahimci aikinsu sun wadatar. Abin da ya kamata a koya da kyau shi ne ƙa'idojin tsaro, domin a nan ne damar rikita labari take. A masana'antu da dama, kafin ma'aikaci ya shiga cikin inji sai ya kashe wutarsa ya rataya kwaɗonsa a kan makunnin, makullin kuma yana aljihunsa, ba wanda ke da ikon cirewa sai shi. Idan an bayyana wannan a farkon littafi, to a babi na goma sha biyar ba sai an yi dogon bayani ba yayin da tauraruwar ta tarar an yanke kwaɗon abokin aikinta alhali yana cikin injin.