Yadda za ka naɗi hirar fodkas ta Zoom da baƙon da ke nesa

Da farko, ka zauna a gaban kwamfuta, domin a tsarin Zoom na kyauta ba a iya naɗa ta waya. Baƙonka kuwa zai iya shiga ta wayarsa.

Tun kafin ranar hirar, shiga saitin naɗa ka kunna zaɓin da ke ajiye muryar kowane mai magana a fayil ɗinsa daban. Kada ka tsallake wannan. Idan baƙo ya yi tari, ko janareto ya tashi a maƙwabtansa, muryarsa kaɗai za ka gyara, taka ba ruwanta.

Ku duka ku sa abin sauraro a kunne, in ba haka ba murya za ta riƙa dawowa cikin makirufo. A kashe fanka, ko da ana zafi. Ɗaki mai labule da katifa ya fi falo mai tayil nesa ba kusa ba.

Sai ka roƙi baƙon ya ajiye wata waya kusa da bakinsa tana naɗa, saboda intanet kan yanke ana tsakar magana. Da kun fara, ku ƙirga ɗaya, biyu, uku, ku tafa hannu tare. Wannan ƙarar ce za ta taimaka maka ka daidaita fayilolin daga baya.

Ka tuna Zoom na kyauta yana katsewa bayan minti 40. Idan kun gama, jira ya kammala sarrafa fayil ɗin kafin ka rufe kwamfuta, sannan ka buɗe muryoyin a Audacity, manhajar gyaran sauti, ka fara gyara.